Dokar Naƙasassu Ta Samu, Saura Ɗan Jagora

Ran 23 ga watan Janairu na shekarar 2019 aka ba da sanarwar cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Bambanci Ga Naƙasassu. A ranar nan ƙungiyoyin makafi da kurame da guragu na ƙasar nan sun yi murna matuƙa, domin kuwa an daɗe ana fama kafin a kai ga haka. Sau biyu Majalisar Ƙasa tana zartar da dokar, a 2011 da kuma 2015, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa mata hannu ba. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga da motocin da suke hawa, yadda mai keken guragu da makaho za su iya amfani da su kamar kowa. Wannan wa'adi ya cika tun watan Janairu na 2024.

To, tun da wa'adi ya cika, tambayar da ta kamata a yi ita ce: me dokar ta tsinana wa iyalin da aka yi ta dominsu? Uwar da ke goye da yaro ɗan shekara 5 wanda bai taɓa zama da kansa ba, a Agege ko a Sabo ta Badun, ta san da zaman dokar kuwa? In ma ta sani, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, da takardar da za ta riƙe, da abin da za ta ce in an kore ta? Bisa ga dukkan alamu a nan ne gizo ke saƙa. An rubuta hakki a takarda, an kafa hukumomi, amma tsakanin takardar da iyalin akwai tafiya mai nisa, kuma babu wanda aka ɗora wa aikin riƙe musu sanda. Bahaushe ya san darajar ɗan jagora. Irinsa ake buƙata yau a ƙofar asibiti da makaranta da ofishin hukuma.

ABIN DA DOKAR TA TANADA

Ya kyautu mai karatu ya fara sanin abin da ke cikin dokar, domin rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, in kamfani ne za a ci shi tarar Naira miliyan 1, in mutum ne tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko kuma a haɗa masa duka biyu. Bayan wannan, wanda aka zalunta yana da ikon kai ƙara kotu ya nemi diyya.

Sashe na 17 ya ce naƙasasshe yana da hakkin ilmi kyauta har zuwa ƙarshen sakandare, kuma hukuma ce za ta samar da kayan karatu na musamman. Dokar ta ce makarantun gwamnati su karɓi yara naƙasassu tare da sauran yara, su kuma sami malamin da aka horar domin su. Mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da hakkin magani kyauta a asibitocin gwamnati. Asibitin da ke duba kurma ko bebe wajibi ne ya tanadi hanyar fahimtar juna da shi. A wurin bin layi, naƙasasshe ake fara sallama. Sashe na 29 kuwa ya nemi ma'aikatun gwamnati su ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ko da yake an sassauta maganar da cewa gwargwadon iko, wadda ita ce kafar da masu ƙin bin doka ke sulalewa ta ciki.

A watan Agusta na 2020 aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, aka naɗa James Lalu babban sakatarenta na farko, sa'an nan a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ayuba Gufwan a wannan muƙami. Hukumar ce ke da alhakin ba da takardar shaidar naƙasa ta dindindin, da karɓar koke-koke.

Duk wannan abin yabo ne. Amma akwai matsaloli biyu da suka taso tun daga tushe. Ta farko, ba a san yawan waɗanda ake magana a kansu ba. Ƙidayar 2006 ta ce naƙasassu miliyan 3 da 'yan kai ne, watau kusan kashi 2 cikin 100 na jama'a. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 kuwa ya ƙiyasta cewa kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa. In aka auna Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 da wannan ma'auni, sai a sami miliyan 30. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ta nuna yawan yaran da ke kulle a ɗakuna, ba a ƙirga su ba, ba a kuma yi kasafi da su ba.

Ta biyu, dokar ta Tarayya ce, alhali kuwa makarantar firamare da ƙaramin asibiti da tashar mota, watau wuraren da talaka ke hulɗa da su kullum, suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi. Saboda haka sai kowace jiha ta yi tata dokar. Jihar Filato ta riga kowa tun 2005, Jihar Ikko ta yi tata a 2011 ta kuma kafa ofishin da ake kira LASODA, yanzu kuma fiye da rabin jihohi 36 suna da irin wannan doka. Sai dai yin doka daban, kafa hukuma da ba ta kuɗin aiki daban. Abin da iyali za su samu ya danganta da jihar da suka tsinci kansu a ciki.

TAFIYAR UBA DA ƊANSA

A ɗauki misalin wani mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, wanda ya taho da iyalinsa daga ƙasar Kabi. An haifa masa ɗa a gida. A makon farko idon jaririn ya yi rawaya, tsofaffi suka ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi ana ba shi jiƙo. Yaro ya rayu, amma ga shi shekara 4 wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama, ba ya magana. Irin wannan labari ba baƙo ba ne ga likitocin yara na ƙasar nan, domin shawarar jarirai da wahalar naƙuda suna kan gaba cikin abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro su shanye masa gaɓoɓi.

Uban ya kai shi ƙaramin asibitin unguwa, suka tura shi babban asibiti. Can ya yanki kati, ya wuni a layi, aka ba shi ranar ganin likitan yara bayan makonni. Likita ya duba, ya tura shi sashen gashi da motsa gaɓoɓi, inda aka ce a riƙa kawo yaron sau biyu a mako. Kowace zuwa kuɗin mota ne na mutum biyu, ga asarar cinikin yini guda. Ya ji labarin akwai makarantar gwamnati mai ajin irin waɗannan yara, ya je, aka ce ya kawo rahoton likita da takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a gida ba shi da takardar haihuwa sai an je wurin Hukumar Ƙidaya. Ya ji ana rajistar naƙasassu, ya je, aka tambaye shi lambar NIN da katin zama na jiha. Duk wannan ana yi masa bayani ne da Turanci ko Yarabanci, shi kuwa abin da ya iya Hausa ce da ɗan Turancin kasuwa.

Babu ko ɗaya daga cikin ma'aikatan nan da ya karya doka. Kowa ya faɗi abin da ofishinsa ke buƙata, ya tura shi gaba. Amma babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga takardu huɗu da za ka fara nema, ga inda ake samun kowace, ga wadda kyauta ce, ga wadda ake biya, ga kuma motsa jikin da uwar yaron za ta iya koya ta riƙa yi masa a gida domin a rage zirga-zirga. A zuwa na uku ko na huɗu sai uban ya sare, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Daga nan sai masu maganin iska su karɓe ragowar kuɗinsa. Wata rana kuma wani ya zo ya ce a ba shi aron yaron ya riƙa fita da shi bara, a riƙa raba abin da aka samu. Sashe na 16 na dokar ya haramta yin bara da naƙasasshe, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, amma uban bai taɓa jin haka ba, kamar yadda bai ji sauran sassan da ke ba ɗansa hakki ba.

Abin da ya sa wannan jinkiri ya zama babbar hasara shi ne, yawancin abubuwan nan da lokaci suke tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jariri mai shawara in an kai shi asibiti da wuri aka sa shi a ƙarƙashin fitilar da aka yi domin haka, galibi ƙwaƙwalwarsa takan tsira. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ana iya miƙe ta da ɗaurin filasta a watannin farko, ya tashi yana tafiya kamar kowa. In an bari ya girma sai fiɗa mai wuya. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda suka kashe wa kunne, in an gane da wuri aka sa shi a hanyar koyon maganar hannu, ba zai rasa shekarun koyon harshe ba. Yanar ido a idon yaro ana cire ta, amma in an makara ganin ba ya dawowa sosai. Kowace shekara da iyali suka ɓata suna yawo tsakanin ofisoshi, daga rabon yaron ake cire ta.

WURAREN SUNA NAN

Kada a ɗauka cewa babu wuraren taimako sam. Suna nan, wasu ma sun girmi 'yancin kai. Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato ta fara tun 1953. Makarantar makafi ta Pacelli da ke Surulere an buɗe ta a 1962, ga kuma makarantar kurame ta Wesley a unguwar. Kwalejin horar da malaman ilmi na musamman ta Oyo an kafa ta a 1977. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki. Akwai asibitocin ƙashi na Tarayya a Igbobi da Dala da Inugu, akwai cibiyar ido da cibiyar kunne ta ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba mai sashen yara a Oshodi. Gwamnatin Ikko tana da azuzuwan yara masu buƙata ta musamman a cikin makarantunta fiye da 30. A 2016 Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwar asusun Naira miliyan 500 domin naƙasassu, ya kuma ba da umarnin a ɗauke su kyauta a motocin gwamnati.

Lalle wuraren sun yi kaɗan in aka dubi yawan jama'a, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke. Amma ɗan abin da ke akwai ɗin ma, wanda ya san hanya ne ke cin moriyarsa. Wani abu da ya faru a watan Maris na 2024 ya isa shaida. Wani gidan cin abinci na KFC da ke filin jirgin saman Ikko ya hana Debola Daniel, ɗan tsohon Gwamnan Jihar Ogun, zama saboda yana kan keken guragu. Ya bayyana abin da aka yi masa a intanet, kafin a ce kwabo hukumar kula da filayen jiragen sama ta rufe wurin, kamfanin ya nemi gafara. Abin ya yi kyau, dokar ta nuna tana da haƙora. Sai dai kowa ya san cewa ana yi wa ɗaruruwan mutane irin wannan wulakanci kullum a bakin banki da tasha, ba a jin ko tarinsu. Wancan yana da ilmi, ya san hakkinsa, yana kuma da muryar da ake ji. Doka ɗaya ce ta rufe su duka, sanin hanya ne ya bambanta su.

Ga Bahaushen da ke zaune a Kudu kuwa nauyin biyu ne. Ga bambancin harshe, ga kuma tsoron da ya shiga zuciyarsa cewa duk wani abin gwamnatin jiha na 'yan asalin jihar ne, saboda haka ko tambaya ba ya yi. Bugu da ƙari, huldar da naƙasassun Arewa suka fi sani da hukuma a Kudu ita ce ta kame. An hana bara a titunan Ikko, akan kuma kwashe waɗanda aka kama zuwa gidan gyaran hali na Majidun da ke Ikorodu. A Badun, a 2021, gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe mabarata daga wajen Sabo zuwa wani matsuguni a Akinyele. Wanda ya saba ganin motar hukuma ta zo kwasar 'yan'uwansa, da wuya ya ɗauki ɗansa ya kai shi ofishin hukuma da ƙafarsa, sai fa in wani wanda ya amince da shi ne ya raka shi.

DARASI DAGA WURARE BIYU

Akwai wurare biyu da aka gwada aiki da ɗan jagora a ƙasar nan aka ga amfaninsa. Na farko shi ne yaƙi da shan-inna. Bayan turjiyar da aka yi wa allurar a wasu jihohin Arewa a 2003, an gane cewa ajiye magani a asibiti ana jiran mutane ba zai yi ba. Sai aka shigo da sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka ɗauki mata 'yan unguwa suna bi gida-gida, guragun da cutar ta taɓa su da kansu suka riƙa shiga gari suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Ran 25 ga watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Maganin yana nan tun da daɗewa; abin da ya canza shi ne wanda ya kai shi ƙofar gida.

Na biyu shi ne hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB. A 2017 ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin ɗalibai makafi da wasu masu buƙata ta musamman. Akan tara su a cibiyoyi na musamman, a ɗauki nauyin masaukinsu da abincinsu har da na wanda ya rako su, a yi musu jarrabawar ta hanyar da za su iya. Wannan ya nuna cewa in hukuma ta ɗora wa wasu mutane sanannu aikin bin ɗalibi tun daga rajista har zuwa ɗakin jarrabawa, abin da ake gani ba zai yiwu ba yana yiwuwa.

Su ma ƙungiyoyi sun daɗe suna wannan aiki gwargwadon ƙarfinsu. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, JONAPWD, wadda aka kafa a 1992, tana da rassa a jihohi. A Ikko akwai ƙungiyoyin da iyaye suka kafa da kansu bayan sun sha wuya da 'ya'yansu, kamar gidauniyar yara masu galahanga da Rose Mordi ta kafa a 2001. Irin waɗannan iyaye su ne suka fi kowa sanin hanya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matsalar ita ce yawancin tarurrukansu da Turanci ake yi, labarinsu kuma ba ya isa zangon Hausawa.

Hausawa kuwa suna da nasu tsarin tun kaka da kakanni. Akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, har a gidan Oko-Baba da ke Ebute Metta, inda ɗimbin naƙasassun Arewa ke zaune. Waɗannan shugabanni sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, suna raba gardama, suna karɓar baƙo. Duk hukumar da ke son isa ga jama'ar nan ba tare da su ba, wahala za ta sha. Amma dole a faɗi gaskiya: tsarin ya fi karkata ga rabon sadaka, kuma bai haɗa da yaron da ke kwance a ɗaki saboda naƙasar ƙwaƙwalwa ba, ko budurwa kurma da ba a bari ta fita. Waɗannan sai mace 'yar'uwar uwarsu ce za ta iya isa gare su.

AIKIN ƊAN JAGORA

Aikin ba ya buƙatar digiri. Yana buƙatar mai karatu da rubutu, mai jin harshen gari, mai haƙuri da riƙon amana. Da farko zai taimaki iyali su tara takardunsu a jaka ɗaya: takardar haihuwa, lambar NIN, katin asibiti, rahoton likita mai hatimi, hotuna, da kwafin kowace. Sa'an nan zai raka su ranar farko, ya fassara, ya rubuta sunan sashen da ranar da aka ce a dawo. In an nemi kuɗi zai nemi rasit. In shugaban makaranta ya ƙi karɓar yaro, zai rubuta takarda cikin ladabi, ya ambaci sashen dokar, ya kai kwafi biyu a buga wa ɗaya hatimi a ba shi. Maganar baki iska ce, amma takarda mai hatimi ko bayan shekara tana ba da shaida.

In abin ya ƙi, akwai inda ake kai kuka ba tare da biyan ko kwabo ba. Akwai Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa, da ofishin jiha irin LASODA. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, wadda ke da ofis a kowace jiha, aikinta kuwa bin kadin wanda ma'aikatar gwamnati ta yi wa ba daidai ba. Akwai Hukumar Ba Da Lauyoyi Kyauta ta 1976, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan'adam ta 1995. A Ikko akwai ofishin lauyan talakawa na gwamnatin jiha. Haka nan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, naƙasassu na ciki, amma sai wanda aka yi wa rajista a shirin jiharsa, kamar Ilera Eko a Ikko, zai sa rai da wani abu.

Akwai hattara biyu. Duk inda aka ce ana taimako, 'yan kamasho ba sa nisa. An sha ganin masu karɓar kuɗin fom na ƙarya, da masu ɗaukar hoton yaro su yi ta neman gudummawa da shi, iyayensa ba su ga ko sisi ba. Saboda haka tilas ɗan jagora ya kasance a ƙarƙashin wata majalisa da za ta iya tuhumarsa. Ta biyu kuma, ɗan jagora ba shi ke zaɓa wa makaho inda za shi ba. Makaho ne ke faɗin inda ya nufa. Naƙasasshen da ya mallaki hankalinsa shi zai faɗi abin da yake so, ko karatu ne ko sana'a ko aure, mai rakiya ya taimaka a ji shi. Sau da yawa ma wanda ya fi dacewa da aikin shi ne naƙasasshen da ya riga ya bi hanyar.

ABIN YI

Nauyi na farko yana kan gwamnati. Dokar da kanta ta ɗora wa Ma'aikatar Watsa Labarai ta Tarayya aikin wayar da kan jama'a. Ya kamata a ji sassan dokar da Hausa da Yarabanci da Ibo a gidajen rediyo, a kai a kai, a cikin harshen da tsohuwa za ta gane. Ya kamata kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774, da kowane babban asibiti, a sami tebur guda da ma'aikacin jin daɗin jama'a wanda aikinsa ke nan, ya karɓi iyali ya faɗa musu duk abin da ake buƙata a zama ɗaya. Majalisar Ƙasa kuma ta sake duba tarar. A 2019 Dala ɗaya tana wajen Naira 360, a 2024 ta haura Naira 1,500. Tarar miliyan 1 ba ta tsorata babban kamfani yanzu. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana uwa kai ɗanta asibiti sau biyu a mako.

Amma ba a zauna jiran gwamnati ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majalisun Sarkin Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo da Shagamu da sauran zanguna suna iya ware mutum biyu, namiji da mace, a tura su wurin ofishin naƙasassu na jiha da ƙungiyoyin iyaye su koyi hanya, a sanar da sunansu a masallaci ranar Juma'a. Attajirai da kwamitocin zakka, waɗanda kan raba shinkafa da atamfa da azumi, su ware wani abu domin kuɗin mota da na takardu da ɗan alawus na waɗannan mutum biyu. Buhun shinkafa yakan ƙare a wata guda, yaron da aka sa a makaranta kuwa ya sami abin da zai riƙe har tsufansa. Malamai su ma suna da rawar takawa, su tuna wa iyaye cewa yarda da ƙaddara ba ta hana neman magani, ɓoye yaro a ɗaki kuma ba sutura ba ce.

Kowace shekara ran 3 ga watan Disamba akan yi bikin ranar naƙasassu ta duniya. Akan yi jawabai, a raba kekuna a gaban 'yan jarida, kowa ya watse. Zai fi kyau a wannan rana kowace hukuma ta fito ta faɗi yara nawa ta sa a makaranta a cikin shekarar, koke nawa ta karɓa, nawa ta warware. Kowane zango kuma ya tambayi kansa ko akwai gidan da ke da irin wannan yaro wanda har yanzu ba a taka an je ba. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya kuma ba iyayen yaran nan haƙuri da mataimaka.